Tsohon gidan Iran a ginin zamani: me ake ɗauka, me ake bari?

"Assalamu alaikum, Malam. Na zauna a Iran don karatu, kuma na samu zuwa Kashan da Yazd na shiga tsofaffin gidajensu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da tsakar rana waje yana ƙuna amma cikin gidan da sanyi, ba fanka ba na'ura. Gidan da muke haya a Ƙum kuwa, in aka ɗauke wuta ba ya zaunuwa. Shin Iraniyawan yanzu suna iya shigar da wannan gado cikin gidan zamani, ko ya koma ado kawai? Ina da fili a Kano, ƙafa 50 a 100, kuma ina sha'awar hasumiyar iskar nan da tagogi masu gilashi kala-kala. Me zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Tambayar taka gida biyu ce: yadda masu zanen gini a Iran suke yi da gadon kakanninsu a yau, sannan abin da kai za ka iya ɗauka ka kai Kano. Duka biyun amsarsu tana rataye a kan abu guda, wato sanin daga ina sanyin nan da ka ji ya fito. Hasumiyar iska tana da kasonta a ciki, amma bai kai yadda masu ziyara suke ɗauka ba. Gilashi mai launi kuwa kusan ba shi da kaso. Mafi yawan aikin, zaman gidan ne yake yin sa: ina ya juya wa baya, ina ya fuskanta, nawa ne kaurin bangonsa, yaya zurfin tsakar gidansa, kuma a wane ɗaki mutanen gidan suke wuni a wane wata. Waɗannan ba sa fitowa a hoto, shi ya sa ake tsallake su. A aikina na zanen gidaje, duk wanda ya zo mini da hotunan Kashan a waya, daga nan muke farawa, kuma abubuwa biyun da ka ambata su ne na ƙarshe da muke tattaunawa.

Sannan ka sani gidan da ka gani na tsakiyar ƙasar ne, yankin hamada: Yazd, Kashan, Na'in, Kerman, Isfahan. Can arewa a Gilan, bakin tekun Kasbiya, inda ruwan sama ba ya yankewa sosai, gidan gargajiya akasin wannan ne. Na katako ne, an ɗaga shi daga ƙasa, rufinsa mai gangara, baranda ta kewaye shi, yana kallon waje don iska ta ratsa. A Dezful da Shushtar, inda zafin ya fi ƙarfin a yi maganinsa a doron ƙasa, sai suka haƙa ɗakuna masu zurfin gaske a ƙarƙashin gida, waɗanda suke kira shavadan. Ƙasa ɗaya, amma kowane yanayi da irin gidansa. Ka riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan filinka.

Yadda tsohon gidan yake aiki

Ka tuna shigarka irin gidajen nan na Kashan, kamar na Borujerdi da aka soma ginawa a 1857 ko na Tabataba'i. Daga lungu ba ka ganin komai sai dogon bango mai yaɓen laka da ƙaiƙayi, ba taga ko ɗaya. Ƙofar katako ce mai ɓari biyu, da ɗan dakali hagu da dama, da ƙarafunan ƙwanƙwasawa biyu, dogo mai nauyi na maza, zobe na mata, don na ciki ya gane daga ƙarar wa ya dace ya je ya buɗe. Kana shiga sai ka faɗa hashti, ɗan ɗaki mai kusurwa takwas galibi, mai rufin tulluwa, da duhu-duhu. A nan hanya take rabuwa. Ɗaya ta nufi biruni, sashen baƙi, ɗayar ta lanƙwasa ta wani siririn lungu zuwa andaruni, sashen iyali. Babu inda za ka tsaya a bakin ƙofa idonka ya kai cikin gida. Sai ka sauka 'yan matakala, domin tsakar gidan ta fi titi ƙasa, sai haske ya buɗe maka gaba ɗaya: dogon tafki marar zurfi a tsakiya, bishiyoyin rumman a gefensa, ɗakuna sun kewaye.

Ɗakunan nan ba a jera su haka kawai ba. Yazd tana wajen digiri 32 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A watan Disamba, da tsakar rana, rana ba ta tashi sama da kusan digiri 35 daga kudu. A watan Yuni kuwa tana haura digiri 80, kusan tsakar ka. Garin kuma yana da hunturu na gaske, har ruwa yakan daskare da dare, ga bazarar da takan kai digiri 40. Saboda haka ɗakunan da ke gefen arewa na tsakar gida, masu fuskantar kudu, su ne mazaunin hunturu: ranar da ta yi ƙasa-ƙasa tana kutsawa ta ƙofofinsu uku ko biyar har can ƙurya. Na gefen kudu sun juya wa rana baya, su ne mazaunin bazara. A nan ake yin eiwan, wato zauren shan iska mai dogon rufi wanda gefensa ɗaya yake buɗe yana kallon tsakar gida, hasumiyar iska a bayansa, sardab, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a ƙasansa.

Iyalin gidan kuma suna ƙaura a cikin gidansu. Sau biyu a shekara suna tashi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ko a yini guda na bazara ba sa zama wuri ɗaya. Da hantsi eiwan, da azahar sardab, da la'asar sakaliya a yayyafa wa tsakar gida ruwa a shimfiɗa darduma a kan gadon katako, da dare a hau rufi a kwana. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kayan ɗakinsu na naɗewa ne: darduma, katifa, matashi. Wannan batu ne da nake so ka tsaya a kansa, domin shi ne aka fi mantawa. Rabin sanyin tsohon gidan a ginin yake, rabin kuma a ɗabi'ar mazauna. Ranar da aka kafa gado da kujeru da talabijin aka ce wannan ɗaki na kwana ne har abada, rabin nan na biyu ya tafi.

Sauran aikin na bango ne da dare. Bangon tubalin laka mai kaurin da yakan kusa mita guda yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi. Sararin hamada kuma garau yake, ba gajimare ba laima, don haka da dare zafi yakan sauka da fiye da digiri 10. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta taru a tsakar gida mai zurfi ta shiga ɗakuna, dogayen bangaye kuma su hana rana korar ta da wuri. Wasu gidajen har sun ƙara haƙa wata tsakar gida a cikin ta farko, hawa guda ƙasa, kamar wadda ka gani a masallacin Agha Bozorg na Kashan in ka je. Ƙasar da aka haƙo da ita aka buga tubalin gidan, ramin kuma ya kusantar da su ga ruwan ƙanat, magudanan nan na ƙarƙashin ƙasa da ke janyo ruwa daga gindin duwatsu. Marigayi Mohammad Karim Pirnia, wanda ya ƙare rayuwarsa a nazarin ginin Iran, ya lissafa ƙa'idoji biyar da magina suke bi, kuma uku daga ciki a nan suke a fili: gida ya kalli cikinsa, a yi gini da abin da ke wurin, kuma a guji abin da ba shi da amfani.

Abin da ya kawar da shi

Ba wauta ce ta sa Iraniyawa suka bar wannan gida ba. Tun shekarun 1930, zamanin Reza Shah, aka soma yanka manyan tituna miƙaƙƙu ta tsakiyar tsofaffin unguwanni, gida ya koma kallon titi saboda mota. Ruwan famfo ya zo, ƙanat ya rage amfani. Man fetur da iskar gas suka yi arha. Ƙarfe da siminti suka sa ana iya yin bango siriri a hau sama. Babban gida mai kaka da jikoki ya watse zuwa ƙananan iyalai, filin birni ya yi tsada. Sai kuma dokar gini, wadda a ganina ita ce ta yi wa tsakar gida mummunan lahani: a yawancin biranen ƙasar, ana gini ne a kan kusan kashi 60 cikin 100 na fili a gefen arewa, a bar sauran a gefen kudu. Da wannan doka tsakar gida ta tashi daga tsakiya ta koma gefe guda, maƙwabta na hawa na huɗu suna leƙa ta, a ƙarshe ta zama wurin ajiye mota. Aikin hasumiyar iska kuma wata na'ura ta karɓe shi, akwatin ƙarfen nan da ka gani a kan kusan kowane rufi a Ƙum da Tehran, mai hura iska ta cikin jiƙaƙƙen dusar katako. Da wuta take aiki, shi ya sa gidan hayarku ba ya zaunuwa in an ɗauke.

Akwai kuma tsoro mai dalili. Ranar 26 ga Disamba 2003 girgizar ƙasa ta rushe birnin Bam, mutane fiye da 26,000 suka rasu, da yawansu ƙarƙashin rufin laka mai nauyi. Bayan wannan, duk mai zanen da zai yi wa Ba'irane maganar ginin ƙasa sai ya fara amsa tambayar girgiza. Dokar Iran ta gini mai jure girgizar ƙasa, wadda suke kira 2800, ta sa gidan zamani a can ƙashinsa ƙarfe ne ko kankare, tubali kuma sutura.

Yadda masu zanen gini na can suke yi

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce mai sauƙi kuma ita ta fi yawa: a yi bene irin na ko'ina, a manna masa bakan gizo a ƙofa, shuɗin tayil a goshi, wata ƙaramar hasumiya a kan rufi wadda cikinta toshe yake. Ba na ganin laifin mai son ado, amma wannan gida zafinsa ɗaya da na maƙwabcinsa. Ta biyu ita ce a tambayi kowane abu na tsohon gida aikin me yake yi, sannan a nemi yadda za a yi wannan aikin da kayan yau a filin yau.

Kamran Diba yana cikin waɗanda suka fara. Gidan adana zane-zanen zamani na Tehran da ya zana, wanda aka buɗe a 1977, yana da wasu hasumiyoyi masu siffar na Yazd, amma haske suke shigarwa. Aikinsa da ya fi dacewa da tambayarka shi ne sabon garin Shushtar, gidajen ma'aikata da aka soma a shekarun 1970: jan bulo, kowane gida da 'yar tsakar gidansa, rufi mai katanga don kwanan bazara, lunguna matsattsu masu inuwa, mota a can gefe. Ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gini a 1986. Juyin juya halin 1979 da yaƙin Iraƙi sun hana a kammala shi yadda aka tsara, mazauna kuma sun sauya abubuwa da yawa, amma ya nuna cewa tsarin yana yiwuwa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Na baya-bayan nan sun fi fama da matsatsin fili. A Tehran akwai gidan Sharifi-ha na Alireza Taghaboni, wanda aka gama a 2013, a wani siririn fili mai fuska ɗaya. Ya yi ɗakuna uku masu siffar akwati a kan faifan inji. Da hunturu suna lafe a cikin gini, fuskar gidan a rufe. Da bazara sai su juya su leƙo waje, gefensu ya zama baranda. Ƙaurar nan ta hunturu da bazara ce ya dawo da ita, sai dai ɗakin ne yake motsawa maimakon mutane. Dabarar ta burge ni, amma gidan attajiri ne, kuma duk abin da ya dogara da inji yana jiran ranar lalacewa.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne wani bene mai hawa biyar a Tehran da ake kira gidan ƙulli arba'in, aikin Habibeh Madjdabadi da Alireza Mashhadimirza. Matsalarsu ita ce ta kowane mazaunin bene: in ka buɗe taga maƙwabci ya gan ka, in ka rufe ka rasa haske da iska. Sai suka saƙa wa fuskar ginin labule na jan bulo. An kafa sandunan ƙarfe, ana zura bulo mai huda a jikinsu ɗaya bayan ɗaya, wani a miƙe wani a karkace, bisa tsarin masaƙar darduma inda mutum ɗaya yake karanta zane da baki, ɗayan yana ƙullawa. Leburori ne suka yi, ba gwanayen magina ba. Daga ciki haske yana shigowa a tace, iska tana wucewa, ido daga titi ba ya ratsawa. Ragar bulo tsohuwar sana'a ce a Iran, a nan sai ta yi aikin da bangon tsakar gida yake yi a da. Haka a garin Mahallat, inda sana'ar mutane yankan dutse ce, Ramin Mehdizadeh ya tattara ɓaraguzan da masana'antu ke zubarwa ya gina bene da su, bango mai kauri da tagogi masu murfin katako. Ya sami lambar Aga Khan a 2013. Ba bakan gizo ko ɗaya a jikinsa, amma ƙa'idar nan ta gini da abin da ke wurin tana nan cif.

Hasumiyar iska

Yanzu ga abin da ka fi so. Badgir, kamar yadda suke kiran ta, bututu ne dogo da aka raba cikinsa da siraran bangaye daga sama zuwa ƙasa. In iska ta bugi bakin da ke fuskantar ta, sai ta gangara cikin ɗaki. Bakin da ke bayan iskar kuma ya zuƙo ta ɗakin ya fitar. In babu iska ko kaɗan, jikin hasumiyar da rana ta gasa yakan ja iskar ɗaki mai zafi sama, wata ta shigo daga tsakar gida ko sardab ta maye gurbinta. Itatuwan da ka ga sun leƙo daga jikinta ɗauri ne, kuma a kansu magini yake tsayawa in zai yi gyara. Mafi shahara ita ce ta lambun Dolat Abad a Yazd, mai kusurwa takwas, tsawonta ya kai mita 33. Amma ka lura da na Meybod da Ardakan, garuruwan da ke kusa: gajeru ne, bakinsu ɗaya, sun juya wa iskar hamada mai ƙura baya. Kowane gari da iskarsa aka auna.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hasumiya ita kaɗai ba ta sanyaya iska, motsa ta take yi. In iskar waje digiri 42 ce, digiri 42 za ta sauko da ita, sai ɗan abin da bangonta da ya kwana cikin sanyi ya rage. Sanyi na gaske yana samuwa ne in iskar ta bi ta kan ruwa, ko ɗan tafki a gindin hasumiyar ko magudanar ƙanat a ƙasan gida, domin ruwa in yana ƙafewa zafi yake ɗauka ya tafi da shi. Aikin randa ke nan, kuma ka san ruwan randa a watan Maris ya fi na Agusta sanyi, saboda busasshiyar iska ce take shan ruwa. Ruwan saman Yazd a shekara bai cika wuce milimita 60 ba, iskarta a bushe take kusan kullum. Injiniya Mehdi Bahadori, wanda ya soma nazarin wannan tun shekarun 1970, ya ƙirƙiro sababbin hasumiyoyi masu jiƙaƙƙun labule a ciki don a ƙara wannan sanyin, kuma su ma sharaɗinsu busasshiyar iska.

Tana da wahalhalunta. Tana shigo da ƙura, tsuntsaye suna sheƙa a ciki, da hunturu sai an toshe ta. A birni mai dogayen benaye maƙwabci yakan tare mata iska, abin da ya rage kuma hayaƙin mota ne da hayaniya. Shi ya sa ko a Yazd, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2017, za ka tarar da hasumiyoyi da yawa a toshe, akwatin sanyaya iska yana zaune a gefensu.

A gidan zamani, abin da na fi amfani da shi daga badgir shi ne rabin aikinta na fitar da zafi. A wani bene da na zana, mun ɗaga rufin matakala ya zarce sauran ginin, muka buɗe masa tagogi masu raga da murfi a can sama, muka bar 'yan kafofi a saman ƙofofin ɗakuna. Da dare in aka buɗe ƙofar tsakar gida ka tsaya a gindin matakalar, kana jin iska tana wucewa ta ƙafafunka tana hawa. Ba a kashe kuɗin wata hasumiya daban ba, tun da matakalar dole ce a gina ta.

Gilashi da tafki

Tagogin nan masu launi, orsi, ƙananan gilasai ne ja da shuɗi da kore da rawaya a cikin sassaƙaƙƙen katako, ana ɗaga su sama a sauke. Wanda ya shiga masallacin Nasirul Mulk na Shiraz da safe ya san abin da suke yi wa ɗaki. Suna rage ƙyallin rana, suna kare na ciki daga ido, amma gilashi gilashi ne: in rana ta dafa shi, zafi zai shiga. A tsofaffin gidajen tsakar gida suke kallo, da yawansu kuma a mazaunin hunturu suke, inda ake maraba da rana. In kana so, ka sa guda ɗaya mai kyau a ƙarƙashin inuwa, kada ka kai shi bangon yamma. Tafki kuwa, su kansu Iraniyawa yanzu suna lissafi kafin su yi, domin ƙasar tana cikin ƙarancin ruwa mai tsanani; kogin Zayandeh na Isfahan yakan shafe watanni a bushe, kuma daga wannan kogin ake janyo wa Yazd ruwan sha ta bututu.

Filinka na Kano

Abin da ya haɗa Kano da Yazd shi ne zafi mai bushewa, wanda a Kano ake yi daga Fabrairu zuwa farkon Mayu, da kuma son sirrin iyali. Hashti ba baƙo ba ne a wurinka, aikin zaure da shigifa yake yi, kuma shi ne abu na farko da zan ce ka dawo da shi: ɗan wurin shiga mai lanƙwasa, ƙofar falon baƙi daban, ta cikin gida daban. Ba ya cin fili mai yawa.

Abin da ya raba su kuma babba ne. Ruwan Kano ya ninka na Yazd fiye da sau 10, kuma cikin 'yan watanni yake zuba. Don haka tsakar gidanka sama da titi za ta kasance, da gangara da babbar magudana, akasin ta Kashan. Sardab kada ka soma sai an gwada ƙasar filin an ga inda ruwa yake tsayawa a Agusta. Tafkin da ruwansa ba ya motsi gidan sauro ne; bishiyar lemun tsami ko rumman da rumfar inabi za su ba ka inuwa da ɗan sanyi ba tare da zazzaɓi ba. Da damina kuma iska tana da laima, dare ba ya sanyi sosai, bango mai kauri ba ya wadatarwa, sai iska ta ratsa ɗaki daga wannan gefe ta fita ta wancan. A waɗannan watanni darasin Gilan ya fi na Yazd amfani, shi ya sa kowane ɗaki yake bukatar buɗi biyu, ɗaya ta tsakar gida ɗaya ta baya.

Rana ma daban take tafiya. Kano tana digiri 12 ne, rana kusan kullum a sama take, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta ma ta arewa take bi. Ba ka bukatar mazaunin hunturu mai neman rana. Maƙiyanka rufi ne da bangon yamma. Kuɗin da za ka kashe a hasumiya, ka fara kashe shi a rufi: silin mai tsayi, abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, kafofin da zafin cikin rufi zai fita. A yamma ka jera sito da banɗaki da matakala su tare wa ɗakuna ranar la'asar. In har sai ka yi hasumiya, ka yi irin ta Meybod mai baki ɗaya, ta fuskanci kudu maso yamma inda iskar damina take fitowa, ta juya wa ƙurar hunturu baya, da raga da murfin rufewa.

Ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 ne a 30. In ka cire tazarar da hukumar tsara birni take cewa a bari, faɗin da ya rage ba zai ɗauki ɗakuna a gefe huɗu da tsakar gida mai ma'ana ba. Gini a gefe uku ko biyu ya fi, da tsakar gida wadda faɗinta bai zarce tsayin bangon da ke kewaye da ita sosai ba, don ta wuni cikin inuwa. A gefenta guda ka yi eiwan ɗinka, baranda mai zurfin mita 3 da dogon rufi, wadda za a iya shimfiɗa tabarma a ci abinci a ciki. Siririyar barandar da ake yi yanzu, wadda kujera ɗaya take cikawa, ba ta yin wannan aikin.

Maganar bango, tun da Kano ba ta cikin yankin girgiza irin ta Iran, kana da 'yancin da su ba su da shi. Akwai misali kusa da kai. Yasaman Esmaili, Ba'iraniya mai zanen gini, ta yi aiki tare da Mariam Issoufou Kamara ta Nijar a kan rukunin gidajen Niamey 2000 a Yamai, sannan suka yi masallaci da ɗakin karatu na Hikma a Dandaji, jihar Tawa, wanda aka gama a 2018. Da bulon ƙasa da ake matsewa da inji suka yi, da maginan wurin. Ba su kafa hasumiyar Yazd ba, ba su manna tayil ɗin Isfahan ba. Irin wannan bulo, ko jan bulo ruɓi biyu, ya fi bulon siminti mai rami nesa ba kusa ba wajen jinkirta zafi, da sharaɗin a ɗaga tushe da kankare, a sa abin hana laima hawa, a kuma kare bangon gabas inda ruwa da iska suke duka. Ka sa magininka ya fara ɗora ɗan bangon gwaji, har da ragar bulon in kana so, ka gani da idonka kafin a shiga babban aiki.

Duk wannan yana da iyaka, kuma gara ka ji tun yanzu. Da azahar ɗin Afrilu gidan zai fi na maƙwabta sauƙi sosai, amma ba zai ba ka sanyin na'ura ba. Ka ware ɗaki ɗaya ko biyu masu rufuwa ruf don ita. Bango mai kauri yana cin fili yana cin kuɗi a farko. Gida mai tsakar gida kuma yana nufin wani lokaci za a ratsa fili da kwanon abinci ana yayyafi, don haka ka zauna da uwargida a kan takardar tun kafin a haƙa tushe, ita ce za ta wuni a ciki. In mai zanenka ya kawo maka hoton fuskar gida mai kyau, ka ce ya haɗo da zane biyu: wanda ya nuna inda inuwa take faɗawa da ƙarfe 3 na rana a watan Afrilu, da wanda ya yanka gidan daga rufi zuwa tushe ya nuna ta inda iska take shiga kowane ɗaki da ta inda take fita a watan Agusta.